Kwaɗon Gwadabe da Gashin Kazar Jatau

Dalilin da ya sa mutanen Kwarin Baure ke juya baya in ana sa wa kwaɗon ƙofarsu mai, shi za ku ji yau, tunda kun hana ni sakat da tambaya. Kun dai gani da idonku ranar da muka je suna. Mutum ya yi sallama da 'yar kwalba da gashin kaza a hannu, maigida da gemunsa ya miƙa makulli, ya juya ya fuskanci katanga, bai waiwayo ba sai da aka ce masa an gama. Kuka yi ta ƙyalƙyala dariya har sai da na zungure ku. To ku zauna, ku daina kaɗa ƙafa, abin yana da asali.

Da can ba haka suke ba. Kwarin Baure gari ne na manoma a gindin dutse, inda damina ke sauka da ƙarfinta. A zamanin da kwaɗo ya fara shiga ƙauyuka, kowa a yankin ya saya ya rataya wa ɗakin hatsinsa da ɗakin awakinsa. A sauran garuruwa kwaɗo kan yi damina ɗaya a waje, in ya yi ƙoƙari biyu, sai tsatsa ta shige cikinsa ya ƙi buɗuwa, a nemo guduma. Ban da Kwarin Baure. Nasu sai ya shekara goma ruwa na dukansa, amma da ka sa makulli ya buɗe, ko ƙara bai yi ba. In ka shafa shi kuma ka ji ɗan santsi a hannu. Suka zauna suka yi nazari irin nasu, suka yanke cewa gumi ne ƙarfen yake yi don tsabar lafiya, kuma iskar garinsu ce ke da albarka. Daga nan baki ya buɗe. Ba kasuwar da za su je ba su tsokani mutane ba, suna cewa, "Ku kam iskarku ko ƙarfe ba ta ƙyale ba, ina ga mutum!"

Akwai wani abu kuma da ke faruwa a garin, amma shi ba a kai labarinsa kasuwa. Hatsi yakan ragu. Ba da yawa ba, mudu nan, rabin mudu can, wani lokaci 'yan zangarniyar gero daga tsakiyar dami. Ƙofa a kulle, kwaɗo lafiya lau, wa za a kama? Maza suka ɗora wa ɓera, marasa kunya daga cikinsu suka ɗora wa matansu, mata kuwa suka ce mazan ne ba su iya awo ba. Haka aka yi shekaru ana zaune.

To a garin akwai wani dattijo mai suna Gwadabe, wanda kowa ke kira Ma'aji. Mutum ne mai amana, wannan ba mai ja. Matsalarsa ɗaya, ya san yana da ita, kuma ba zai bari ka manta ba. In ka ba shi ajiyar allura, sai ya tara shaidu uku kafin ya mayar maka. Shi aka damƙa wa makullin siton iri.

Asalin siton kuwa, an taɓa yin wata shekara ta yunwa da mutane suka cinye har irin shukarsu, damina ta zo ba abin da za a sa a ƙasa. Da aka farfaɗo, mai garin, wanda ake kira Barmo, ya tara jama'a aka kafa doka. Kowane gida in ya yi girbi zai ware irin shukarsa, ya ɗaure a buhu da alamarsa, a kai wani tsohon sito na dutse da masu awon gyaɗa suka bari a bakin gari. Ba za a buɗe ba sai ruwan shuka ya sauka, ko wa zai yi kuka. Gwadabe ya rungumi aikin nan kamar don shi aka haife shi. Ya sa aka toshe tagar siton da dutse da siminti. Ya sa aka shimfiɗe ƙasan da manyan duwatsu don kada a haƙo ta ƙarƙashi. Ƙofar da ma ta ƙarfe ce, ya sa aka ƙara mata wani ƙarfen. Sannan ya taka har birni ya sayo kwaɗon da ya fi kowane girma a rumfar, wanda lanƙwasasshen ƙarfensa ya kai kaurin babban yatsan ƙato. Makullin ya rataya a wuya, yana kwana da shi yana tashi da shi. Shekara huɗu ana haka, duk ranar shuka kwaɗo na buɗewa sumul, Gwadabe na duban jama'a yana gyaran murya.

Ranar Laraba ce kasuwar yankin, kuma a ranar garin kan zama fayau, daga tsofaffi sai kaji. Wata Laraba bayan girbi, an riga an kulle iri, Gwadabe ya kama hanyar kasuwa. Ya yi nisa sai takalminsa ya tsinke, dole ya juyo. Da yake ba ya iya wuce siton bai leƙa ba, ya bi ta can. Rana tsaka, sai ga mutum tsugune a bakin ƙofar.

Jatau ne, wani siririn mutum mai sanyin murya. Gonarsa ba ta isa ta riƙe akuya ba, amma ba a taɓa ganin sa a rame ba, kuma duk Laraba ƙafa ke masa ciwo, ba ya iya zuwa kasuwa. A hannunsa akwai 'yar kwalba da gashin kaza. Yana tsoma gashin a kwalbar, yana zura shi a ramin makullin a hankali. Kwaɗon kuwa, kwaɗon Gwadabe, ga shi nan a buɗe. Jatau ya danna shi ya rufe, ya sa wata lanƙwasasshiyar waya ya sake buɗewa, ya kara kunne yana saurare.

Gwadabe ya taɓa wuyansa, ya ji makulli na nan. Ya daka tsawa cikin fushi.

"Jatau! Me nake gani haka?"

Jatau ya ɗago kai. "A'a, Ma'aji, sannu da dawowa. Yau ba a ci kasuwar da kai ba ke nan?"

Da yamma aka taru a ƙofar Barmo. Jatau bai wahalar da kowa ba. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓeran nan da ake ta zagi shekara goma sha biyu, ni ne. A nemi gafarar matan gari." Wajen ya kaure da hayaniya, mata na tafa hannu suna duban mazansu, mazan na duban ƙasa. Gwadabe ya ɗaga kwalbar, ya riƙe ta da bakin rigarsa don kada ta taɓa fatarsa.

"Jama'a, ga sirrin. Asiri ne yake shafa wa kwaɗunanmu su riƙa yi masa biyayya. Santsin nan da muke ji, ba gumi ba ne, sihirin ɓarawo ne."

"Mai ne, Ma'aji," in ji Jatau. "Man keken ɗinki ne, wurin tela nake samowa. Ai ƙarfe in yana waje..."

"Rufe mana baki! Wa ya taɓa jin ƙarfe na cin mai? Tuwo ne?"

Jama'a suka ce wallahi gaskiyar Ma'aji. Maƙerin garin, Tunau, ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskokin mutane, ya ga ranar ba ta tare wa ɓarawo faɗa ba ce, ya mai da bakinsa ya rufe. Aka fasa kwalbar a kan dutse, aka kori Jatau zuwa Tungar Gawo a hayin kogi, inda ƙanwarsa ke aure.

Washegari Gwadabe ya ba da shawara, Barmo ya sa hannu, aka ce kowa ya wanke kwaɗonsa daga ƙazantar ɓarawo. Aka jiƙa kanwa da gishiri, aka samo toka, gari ya wuni yana dirzar ƙarfe. Sauran mutane sun yi sau ɗaya sun huta. Gwadabe kuwa, kun san mai amana ba ya yin abu rabi. Duk ranar Juma'a da safe sai ya ɗauki buta cike da ruwan gishiri, ya je sito, ya karkata kwaɗon ya ɗura masa a ramin makulli har ya tumbatsa, sannan ya goge bayansa da toka har ya yi ƙyalli. Buɗewa kam bai taɓa gwadawa ba, domin doka ta ce sai ruwan shuka.

Matarsa Tasalla ta ga abin ya yi yawa. Wata Juma'a ta ce, "Malam, ni dai na san in na manta wuƙata cikin ruwan gishiri, ja take wayar gari."

"Wuƙarki ta yankan kuɓewa ce, Tasalla. Wannan kwaɗon amana ne."

Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ba a jima ba kwaɗunan gidaje suka fara kuka. In mutum zai buɗe ɗakin hatsi sai maƙwabta sun ji. Makulli ya karye a gida biyu. Aka ce bakin Jatau ne ke bin su, aka ƙara gishiri.

Rani ya wuce, bazara ta shigo da zafinta. Hatsin ci ya kai gindi a kowane gida, abin da ya rage 'yar dawa ce da ƙwaro ya huda, wadda ko an shuka ba za ta tsiro ba. Duk fatan garin na cikin siton nan. Ranar wata Asabar da hantsi hadari ya taso daga gabas, aka yi ta ruwa har la'asar. Da aka tona ƙasa aka ga ta jiƙe har gwiwar hannu. Ku da ba ku fara noma ba, ku sani ruwan shuka ba ya jiran kowa. Kwana uku ƙasa ke riƙe laima, in ta yi kirki huɗu, daga nan sai jiran wani ruwan, kuma ba wanda ya san ranar zuwansa.

Lahadi da sassafe gari ya hallara a bakin sito, maza da sungumin shuka a kafaɗa, mata da ƙorai. Gwadabe ya zo cikin babbar riga. Sai da ya yi jawabi, ya tuna wa mutane cewa wata bakwai ke nan ba hannun da ya taɓa kwaɗon nan sai nasa, kuma shi ma wanka kawai yake yi masa. Sannan ya ciro makulli daga wuya, ya ɗaga kowa ya gani, ya zura.

Makulli ya shiga rabi ya tsaya.

Ya zare, ya hura ramin, ya sake zurawa. Wani jan gari ya zubo masa a tafin hannu. Ya danna da ƙarfi har makullin ya shige, ya murɗa dama, ya murɗa hagu, ko motsi. Gumi ya karyo masa. Tunau maƙeri ya riƙe masa hannu ya ce, "Ma'aji, a hankali. In ya karye a ciki mun shiga uku."

Aka koma ga ƙarfi. Tunau ya kawo guduma, ya yi ta bugu, guduma na tsalle tana dawowa. Ya kawo zarto, kafin azahar haƙoran zarton sun tafi, kwaɗo ko ƙwarzane bai yi ba. Samari suka zagaya wajen taga, suka tarar da dutse da siminti. Suka fara haƙa ta gindin bango, suka ci karo da duwatsun da sai mutum huɗu ke ɗaga ɗaya. Rufin da ma siminti ne tun na masu gyaɗa. Duk inda aka taɓa aka ji gam, sai wani ya share gumi ya ce, "Kai, wa ya yi wannan aiki haka?" Sai a ce, "Ma'aji ne." Tunda Gwadabe yake bai taɓa jin an yabi aikinsa ya ji kamar an mare shi ba sai ranar. Wani ya ce a hura wa ƙofar wuta, Barmo ya ce iri aka zo ɗauka ba gasasshen gero ba.

Da la'asar, bayan mutane sun ja gefe, Gwadabe ya aika gida a asirce Tasalla ta kawo man gyaɗa a ludayi. Mutumin da ya ce ƙarfe ba tuwo ba ne, shi ne ya tsuguna yana ɗura wa kwaɗo man miya. Man ya yi kauri, ya tsaya a baki ya ƙi shiga. Kafin rana ta faɗi kiyashi sun ja layi tun daga gindin bango har ramin makulli, su kaɗai suka ci ribar wunin.

Litinin rana ta fito fes, ba ko ɗigon gajimare. Gwadabe ya je bakin wata gona ya tura yatsa a ƙasa, ya ji sama ta fara bushewa. A hanyar dawowa mutane suka gaishe shi kamar kullum, ba wanda ya zage shi, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya ga wata tsohuwa zaune a bakin sito da ƙwaryarta a cinya, tun jiya ba ta koma da ita gida ba. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba. Gari guda ya ba shi abincin baɗi ya riƙe, ya riƙe shi da kyau har ya hana masu shi.

Tunau ya same shi a gefe ya ce, "Ma'aji, in da bugu ne sai mu kwana bakwai. Mutum ɗaya na sani da kwaɗon nan ke jin maganarsa."

"Kada ka faɗi sunansa."

"Ban faɗa ba. Amma kogi bai cika ba tukuna, ana haye shi da ƙafa."

Gwadabe ya dubi hanyar kogi. Da za a ce ya zaɓa tsakanin tafiyar nan da cire haƙori huɗu, da ya buɗe baki da kansa. Ya tuɓe babbar riga ya ba Tasalla, ya naɗe wando, ya nufi hayi.

Yana shiga Tungar Gawo ya tarar da dattawa a gindin bishiya. Bayan gaisuwa ɗaya daga cikinsu ya ce, "Mutumin Kwarin Baure, ka ji abin da Allah ya yi mana? Bana iskar garinmu ta gyaru. Kwaɗunanmu har gumi suke yi." Wani ya ƙara da cewa, "Sai dai ɓera ya ɗan yi yawa." Gwadabe ya tambayi gidan ƙanwar Jatau.

Ya same shi a inuwa yana gyaran wata fitila, ya ɗan yi ƙiba.

"Ma'aji da kansa! Lale, lale. Lafiya dai? Ko wani ɓeran aka gano?"

Gwadabe ya ce, "Kwaɗon sito ya ƙi buɗuwa. An yi ruwan shuka tun shekaranjiya."

Murmushin Jatau ya ɗauke. Ya ajiye fitilar. "Me kuka yi masa?"

"Wanke shi nake yi. Duk Juma'a."

"Da me?"

"Ruwan gishiri. Da 'yar kanwa."

Jatau ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi! Ma'aji, wata bakwai? Ai ko maƙiyi ba ya yi wa ƙarfe haka. Ka buɗe shi ko sau ɗaya?"

"Doka ta hana."

"Doka ta hana a ɗebi iri, ba ta hana kwaɗo ya miƙe ƙafa ba. Zauna ka ji. Kwaɗon da ke waje ruwa na shiga cikinsa, in ba mai sai tsatsa. Kwaɗo mai tsatsa kuwa kuka yake yi, ni kuma sana'ata ba ta son kuka. Shi ya sa nake bin su ɗaya bayan ɗaya duk Laraba, ɗigo biyu, ba ƙari. Naku na sito kuwa, wallahi ban taɓa ɗaukar ƙwaya ɗaya a ciki ba. In ba ku shuka ba, ni me zan samu baɗi? Buɗe shi kawai nake yi in rufe, don kada ya manta aikinsa."

Gwadabe ya ce, "Ashe ba iskarmu ba ce."

"Iskarku irin ta kowa ce, Ma'aji."

"Za ka zo?"

Jatau ya riga ya miƙe yana neman kwalba. "Gonar gari na bushewa kana tambayata? Tashi mu je."

Suka iso da la'asar sakaliya. Jama'a suka dare, ba wanda ya yi masa maraba, ba kuma wanda ya ce me ya kawo shi. Jatau ya duba kwaɗon, ya kori kiyashi, ya goge man gyaɗan, ya dubi Gwadabe ta gefen ido. Ya ɗiga kananzir a ramin makulli da inda ƙarfen ke shiga, ya naɗe kwaɗon da tsumma jiƙe da kananzir, ya ce sai gobe. Aka yi caa, ana cewa ƙasa na bushewa. Ya ce, "Wata bakwai kuna ba shi gishiri, ku bar shi ya sha wannan kwana ɗaya."

Talata da safe aka sake taruwa. Jatau ya kwance tsumman, ya tsuguna, ya ɗauko gashin kaza. Gari guda ya zuba masa ido. Gashin ya kasa samun ramin. Ya gwada sau uku, ya ajiye.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Barmo, "ba zan iya ba ana kallona. Tunda na fara ban taɓa buɗe kwaɗo a gaban mutum ba, sai ranar da Ma'aji ya faɗo mini, ita ma ban san yana nan ba. Sai dai kowa ya juya baya. Ma'aji, kawo makullin."

Barmo ya dubi rana, ya dubi ƙasa, ya tattara rigarsa ya juya. Tunau ya juya. Mata suka juya da ƙoransu, maza da sungumansu, har tsohuwar nan ta ja jiki ta juya. Saura Gwadabe, yana tsaye da hannu a wuya. A ce ya cire makullin da ko Tasalla ba ta taɓa riƙewa ba, ya sa a hannun ɓarawon da shi ya kama, a bakin ƙofar da ke riƙe da abincin gari, sannan ya juya masa ƙeya! Zuciyarsa ta ce ina. Amma ya ji zafin rana na ƙaruwa a kafaɗarsa, ya san abin da take yi wa gonaki. Ya cire igiyar, ya miƙa, ya juya.

Bai taɓa sanin tsayuwa na da wuya haka ba. Ya ji ƙwas ƙwas, ana buga kwaɗon da ɗan itace. Shiru. Ya ji an hura. Ƙwas ƙwas kuma. Shiru mai tsawo. A ransa ya ga ƙofa ta buɗe tuni, ya ga buhuna na fita ɗaya bayan ɗaya suna nufar kogi. Wuyansa ya fara karkata da kansa.

Tasalla na gefensa, ba ta ko dube shi ba ta ce, "Malam, in ka waiwaya, wallahi ni zan riƙe maka kai."

Ya miƙe wuya. Inuwarsu ta gajarce har ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafa. Can sai aka ji ƙaras, 'yar ƙara wadda ba ta kai ta fasa gyaɗa ba.

"Ku juyo," in ji Jatau.

Ƙofa a buɗe, buhuna a jere yadda aka bar su. Jatau na zaune a kan dutse, ya buɗe tafukan hannunsa biyu a kan gwiwa don kowa ya gani. Mata suka rangaɗa guɗa.

Gwadabe ya shiga rabo, kuma ko a ranar bai yarda a yi wawaso ba. Buhu buhu ya riƙa fitarwa, yana duba alama yana kiran mai shi, mutum na karɓa yana rugawa gona. Nasa ya bari na ƙarshe, domin a cewarsa ma'aji ba ya fara ɗauka. Kafin ya gama rana ta yi sanyi. Gonakin yawancin mutane a kwari suke, inda laima ke daɗewa, suka samu suka shuka ranar. Tasa kuwa a kan tudu take, ƙasa mai yashi. Ya shuka washegari a sauran 'yar laimar da ta rage, wadda ta isa ta tsirar da iri amma ba ta isa ta raya shi ba. Gero ya leƙo, aka yi kwana goma sha tara ba ruwa, ya ƙone ƙurmus. Na kwari ya jure.

A cikin kwanakin nan Barmo ya sake tara gari aka daidaita da Jatau. Zai dawo gidansa, ya riƙa bin kwaɗunan gari yana sa musu mai, kafin damina da bayanta. Shi ya koya musu yanka 'yar fata a rufa wa kwaɗo a ka don ruwa ya zame, da buɗe na sito a rufe duk mako. A madadin haka kowane gida zai ba shi hatsi in an yi girbi. Da aka duba, abin ya fi wanda yake sata, ga shi kuma har gida ake kai masa, da sallama.

Ranar da ruwa na biyu ya sauka, Gwadabe na zaune a zaurensa yana kallon yadda yake zuba. Ƙasa ta jiƙe, ba shi da ƙwayar da zai sa mata. Kowa ya shuke nasa, shi kuma bakinsa bai iya roƙo ba. Baƙin ciki ya cika shi, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi, ya nema ta ko'ina ya dawo kan kansa.

Ruwa na tsagaitawa sai ga sallama. Jatau ne, rungume da wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Ya ajiye a gabansa ya fasa lakar.

"Ma'aji, ga iri. Cikin toka na adana shi, ƙwaro bai taɓa ba."

Gwadabe ya zura hannu ya ɗebo, ya hure tokar. Ƙwayar doguwa ce, mai ruwan toka da ɗan ja a baki. Ya matsa wajen haske ya sake dubawa. Irin geron da mahaifinsa ya bar masa ne, wanda duk garin ba mai shi sai shi.

"Jatau, wannan ai gerona ne."

"Naka ne, Ma'aji. Daga ɗakin hatsinka na ɗebo, Laraba biyu kafin ka kama ni. Ya yi kyau da yawa, na kasa sa shi a turmi."

Gwadabe ya dubi geron, ya dubi Jatau. Ya rasa ko godiya zai yi ko ƙara zai kai. Da ƙyar maganar ta fito.

"Allah ya saka da alheri."

"Amin, Ma'aji. Ka hanzarta, ƙasar tudu ba ta jira."

Ya saɓi sungumi, Tasalla ta ɗauki tulun a ka, suka hau tudu. Geron nan shi suka ci a shekarar.

Shi ya sa har yau, in kun shiga Kwarin Baure, za ku ga kowane kwaɗo na waje da 'yar hularsa ta fata, kuma ba mai kusantar da gishiri ko man miya gare shi. Jikokin Jatau ne ke yawo da kwalba da gashin kaza, kuma sun ce su ma hannunsu ba ya aiki in ana kallo. Maigida sai ya miƙa makulli ya fuskanci katanga, har a ce masa ya juyo. In mai man ya tafi, ana yi masa rakiya har ƙofa, a yi masa godiya. Sai dai a ranar ba maigidan da ke shiga ya auna hatsinsa, kowa ya fi son kada ya sani.